Jakar Baffa: Aikin da Ke Jiran Unguwa Bayan An Dawo Daga Maƙabarta

Baffa ya cika ne bayan sallar asuba, cikin bazara, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A Sakkwato haka ake yi. Watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, gawa ba ta jira, addini ma gaggautawa ya ce a yi. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya bar mata 2, 'ya'ya 7 da mahaifiya. Unguwa kuwa ta san shi da wasu abubuwan: shi ne ma'ajin masallaci, makullin rijiyar burtsatse na hannunsa, ɗan agaji ne tun yana saurayi, kuma duk wanda aka kwantar a asibiti aka ce a nemo jini, ƙofarsa ake fara bugawa. Mu da muke kwamitin masallaci tare da shi aka ɗora wa tattara abin da ya bari. Ga yadda aikin ya gudana, da wuraren da ya so ya kwaɓe.

Abin da ya fara bayyana da safen nan shi ne, mai shirya wa kowa jana'iza ne ke kwance. Diga da shebur da makara suna ɗakin ajiya na masallaci, makullin yana aljihun rigarsa da ke rataye. Aikin ranar farko kashi 3 ne, kuma tare ake yin su. Wasu su auni tsawon mamaci da kara su tafi maƙabarta, wasu su sayo alawayyo da turare da kafur, wasu su yi sanarwa. Kuskurenmu shi ne mun sanar da lokacin salla kafin mu ji ta bakin masu haƙa. Inda aka ba mu wuri akwai marmara, diga na tsalle, ramin da kan ɗauki sa'a ɗaya a rairayi ya ci fiye da biyu. Mutane suka taru a rana suna jira, har da tsofaffi, saƙon farko kuma ya riga ya zagaye WhatsApp, gyaran bai kai inda shi ya kai ba. Masu haƙa ne ke yanke lokaci, ba mai sanarwa ba.

Kabarin kansa rami biyu ne, babba mai faɗi a sama, ƙarami siriri a cikinsa daidai jikin mamaci, inda za a kwantar da shi kan damansa yana fuskantar alƙibla. A bakin ƙaramin ake jera itace a haɗe, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa kafin a tura sauran. In itacen ya yi siriri ko an bar tazara, ruwan damina na farko zai nuna, kabarin ya lotsa. Wanka da likkafani kuwa duk almajirin da ya karanta Risala ya san su: wutiri ake yi, wato sau 3 ko 5 ko 7, da ruwa da ganyen magarya, kafur a na ƙarshe, salla kabbara 4. Likkafani dai a sayo da rara. Baffa dogo ne, yadi 5 da aka fara kawowa bai isa ba.

Kafin a ta da salla, ƙanensa ya yi sanarwar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya zo ya faɗa. Sanarwar daidai ce, amma ita kaɗai ba ta fitar da bashi. Wa zai tsallaka tabarmin zaman makoki, gaban ɗa yana kuka, ya ce ina bin ubanka kuɗin magani? Kunya ba ta barin mutanenmu. Don haka muka ware mutum 2 waɗanda ba 'yan gidan ba, muka ba su littafi, suka bi mai shago, mai kemis, mai injin niƙa, mahauci da makanikin babur ɗinsa, kowa a keɓe. Wanda ya ce ya yafe, a rubuta adadin, a rubuta ya yafe, a sa shaida. Yafewar da aka yi cikin zafin mutuwa wani lokaci takan dawo bayan wata shida, rubutun ne ke kashe maganar. A tambayi matan ma, ta bakin wata babbar mace, ko akwai sauran sadaki ko rancen da ya karɓa a cikin ɗaki. Shi ma bashi ne, kuma shi aka fi mantawa.

Zaman makoki kwana 3 muka yi. A unguwarmu akwai masu sadakar uku da bakwai da arba'in, akwai masu ganin ba su da asali, kuma kowane ɓangare na da malamansa. Ba mu tsaya raba wannan gardama ba. Abu ɗaya liman ya kafe a kai, kowa kuma ya yarda: ba za a taɓa ko tiya ɗaya ta hatsin gidan don ciyar da masu gaisuwa ba, domin 3 daga cikin 'ya'yan ba su balaga ba, kuma daga lokacin da ya cika hatsin ya zama na magada. Babba na iya sadaukar da rabonsa, amma ba wanda ke da ikon sadaukar da na maraya. Sunna ma ita ce maƙwabta su dafa su kai gidan mutuwa, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar. Gidaje suka raba kwanakin, masa da kunu da safe, tuwo da dare. Kuɗin da masu ta'aziyya suka miƙa kuma aka rubuta, da sunan wanda aka ba: wannan na uwa ne, wannan na matan ne, wannan na yaran ne.

Ran na huɗu aka buɗe jakar. Tsohuwar jakar fata ce irin ta dukawan garin nan, wadda ba ya rabuwa da ita. Ba a buɗe irin wannan a ɗaka, kuma ba mutum ɗaya ke buɗewa ba. A zaure aka zauna: liman, wakilin mai unguwa, ƙanen marigayi, babban ɗansa da mu 2 daga kwamiti, bayan an sanar da uwargida da amarya kowace a ɗakinta. Duk abin da aka fitar sai an faɗe shi da ƙarfi an rubuta kafin a fitar da na gaba. Akwai littattafan makaranta 4 masu bango ja, makullai 11 a zobe ɗaya, rasiɗai daure da roba, katin banki, ƙaramar waya, da ambulan 3 na kuɗi, biyu da rubutu a bayansu, ɗaya babu.

Nan ne aikin yake. Mutumin da ya shekara 30 yana yi wa jama'a hidima, kuɗi iri 3 ke ratsa hannunsa: nasa, na jama'a, da ajiyar ɗaiɗaikun mutane. Na farkon ne kawai gado. Sauran biyun amana ne, ba sa shiga rabo, dole a cire su kafin a ce ga abin da ya bari. Baffa mai rubutu ne, wannan ya cece mu, amma rubutun don kansa ya yi shi. Wani wuri boko, wani wuri ajami, sunaye a taƙaice, wani shafin ba kwanan wata. Sai da muka yi zama 5 muna gwada littafin masallaci da abin da ladan ya tuna na tarin Juma'a, muna gwada na rijiya da abin da 'yan ga-ruwa ke biya kan kowace kura. Ambulan ɗin da ba rubutu ba mu ba kowa ba. Aka sanar a masallaci cewa akwai ajiya, mai ita ya zo ya faɗi adadi da irin takardun da ke ciki. Bayan kwana 9 wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta aiko jikanta, ta faɗi adadin daidai, har da cewa akwai takardar naira 200 guda ɗaya da aka liƙe da salatif. Kuɗin likkafaninta ne take tarawa.

Babbar matsalar tana banki. Kuɗin gyaran rufin masallaci yana cikin asusunsa na kansa, tare da fanshonsa, saboda masallacin ba shi da asusu. Ba cin amana ba ne, sauƙi ya nema, amma sauƙin ya zame mana wahala. Ɗansa ya san lambar sirrin katin, wasu suka ce a je a cire kawai kafin banki ya ji. Liman ya ce a'a, kuma gaskiyarsa: cikin kuɗin akwai haƙƙin marayu, kuma duk abin da aka cire a ɓoye, ranar da zargi ya taso ba mai iya wanke kansa. Muka bi doguwar hanya. Da yake a gida ya rasu, babu takardar likita, sai muka karɓi wasiƙar mai unguwa, aka yi rantsuwa a kotu, aka yi rajistar mutuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan aka nemi takardar kotu mai nuna waɗanda za su karɓi dukiyar a madadin magada. Mutane da yawa na zaton sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa shi ne mai karɓar kuɗi. Ba haka ba ne, wannan wanda za a tuntuɓa ne kawai.

Abin da ya fi ja mana lokaci sunansa ne. Kamar yawancin mutanen ƙasar Sakkwato da suka shiga boko, an rubuta masa sunan garinsu a matsayin suna na biyu, shi ke kan takardun aiki da fansho. A BVN, lambar shaidar banki, da katin ɗan ƙasa kuwa sunan mahaifinsa ne. A idon ma'aikacin banki mutum biyu ne, sai an kawo takardar rantsuwa cewa ɗaya ne. Duk tsawon watannin nan asusun na rufe, damina ta sauka, rufin masallaci na yoyo kan sahu na biyu. Wayar tasa kuma kada a bari ta mutu. A riƙa sa mata caji da kati, domin saƙonnin shigar kuɗi da ke ciki su ne shaidar wa ya turo me, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi ya ba wani. Yanzu masallacin na da asusu da sunansa, mutum 3 ke sa hannu, sai 2 sun haɗu kuɗi ke fita.

Sai maganar fili. Akwai kangon da ke jikin gidansa inda yara ke karatun Islamiyya shekara da shekaru. Kowa na cewa ai ya ba makaranta. Ya ba ta kyauta ne, ko aro, ko waƙafi? A mazhabar Malikiyya kyauta da waƙafi ba sa kammala sai an karɓe su, abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya. In ya faɗa da baki kawai ya ci gaba da riƙewa har ya mutu, abin ya koma gado. In kuma a ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce sulusi ba. Abin da ya tsayar da maganar shi ne wata takarda cikin rasiɗan nan, da hannunsa da na shaidu 2, ɗaya na raye, ga kuma makullin kangon da ya daɗe a hannun shugaban makaranta. Ba don haka ba, da sai an roƙi magada, kuma rabon yaran nan 3 ba mai iya yafe shi.

Bayan an ware amana, tsarin sananne ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya iyakar sulusi kuma ba ga magaji ba, sannan rabo. Kafin a raba an tambaya ko akwai mai juna biyu cikin matan, domin a Malikiyya in akwai ciki sai a dakata har a haihu. Babu. Malamin da ya yi lissafin ya kafa shi kan 24: uwa sudusi, wato 4, matan biyu sumuni, wato 3, saura 17 na 'ya'ya maza 3 da mata 4, namiji rabon mata biyu. Da yake 3 ba ta rabuwa ga mutum 2, 17 kuma ba ta rabuwa gida 10, sai ya ninka komai sau 10 ya koma 240. Ma'ana a kowace naira 240,000, uwa na da 40,000, kowace mata 15,000, kowane ɗa 34,000, kowace 'ya 17,000. Gidan an yi masa kima amma ba a taɓa shi ba, matan na da haƙƙin zama a ɗakunansu har su gama takaba, wata 4 da kwana 10. Akwai kuma yaro maraya da ya riƙa tun yana rarrafe, wanda ba ya cikin magada kuma ba a bar masa wasiyya ba. Malamin ya karanta aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu. Manyan 'ya'yan suka cire daga nasu suka ɗauki karatunsa.

Tarihinsa ne muka fi jin daɗin yi, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa in an yi sake. Tsofaffin da suka san ƙuruciyarsa ba su da yawa, don haka da su aka fara. In ka ce wa mutum ba mu labarin marigayi, abin da za ka samu shi ne mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Mun ji wannan fiye da sau 100, ba ya cika layi biyu. Tambayar da ke fitar da magana ita ce: me ya taɓa yi maka, a ina, wa ke wurin? Kowa a zauna da shi shi kaɗai, domin a taro babba ke magana sauran su ce haka ne. Mata kuma mata suka tambaye su, 'yarsa ta biyu ta ɗauki muryoyinsu a waya da izininsu.

Shekaru ba a tambayarsu da lamba, da abin da ya faru ake kama su. Takardar rantsuwar shekarunsa ta ce 1 ga Janairu 1968, irin ranar da akan ba wanda ba a rubuta haihuwarsa ba. Da 'yarsa ta tambayi mahaifiyarsa, "Inna, yaushe kika haifi Baba?", tsohuwar cewa ta yi, "Shekarad da anka ƙare yaƙin Ojukwu nih haihe shi, cikin ɗari." Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, kuma ta ƙara da cewa yana gudu da ƙafarsa lokacin da aka canza fam zuwa naira, wato 1973. Muka bi maganarta. Da haka aka jera sauran: ya shiga firamare da ayarin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, na 1976, ya fara koyarwa shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, 1988, an ba shi ajiyar masallaci ana cikin juyayin hatsarin jirgin da ya ci Sarkin Musulmi Maccido a 2006, ya kuma kwana yana kwasar mutane da kayansu a ambaliyar 2010. Duk abin da mutum ɗaya ne kawai ya faɗa, mun rubuta shi da cewa wane ne ya ce. Abin da mutum 2 suka faɗa ba tare da sun ji juna ba, shi muka rubuta kai tsaye.

Akwai abin da muka cire da gangan. Littafi na huɗu na sulhu ne: auren da ya gyara, rigimar iyakar gona, yaron da aka karɓo daga hannun 'yan sanda. Wannan sirrin mutane ne masu rai, an damƙa shi ga liman, bai shiga tarihi ba. Akwai kuma abin da wasu suka so a cire muka bari. Uwargida ta faɗi yadda yake ware wa kowane yaro shafinsa na kuɗin makaranta, mace da namiji ba bambanci, da yadda bai taɓa fita da safe ba sai ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa da furarta. Amarya kuma ta faɗi cewa sau da yawa tuwonsa kan huce a rufe, yana asibiti da ɗan wani, kuma akwai sallar da yaranta suka yi da tsofaffin kaya saboda kuɗin ɗinkin ya tafi wajen maganin maƙwabci. Ba ƙorafi take ba, abin da ya faru ta faɗa. A ganinmu tarihin da ya ɓoye wannan ya rage wa matan nan ladarsu, domin hidimar da unguwa ta ci, da tuwonsu aka yi ta. Shafi 14 aka samu, aka buga, kowane ɗa da kwafinsa, ɗaya a masallaci.

Da aka zo maganar sadaka mai gudana, matasa suka ce a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a sa allo da sunansa. Muka ce a fara duba wadda ya bari. Wata 2 da rasuwarsa ta tsaya. Da aka ciro injin da ke cikin ramin, wanda makanikai ke kira sumo, ya ƙone. A bazara ruwan ƙasa kan ja baya, in aka bar injin na ta aiki ramin ya ƙafe, sai ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, domin ruwan ne ke sanyaya shi. Ashe Baffa kan kunna shi da asuba, ya kashe kafin hantsi, ya bar ramin ya tara, ya sake kunnawa da yamma. Ba wanda ya san da wannan sai yaron da ke share wurin. Kuɗin sabuwar rijiya aka karkatar, aka sayi inji, aka sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa, aka rubuta lokutan kunnawa a bangon ɗakin tanki.

Ayyukansa da muka lissafa sun kai 9, mutum 6 aka raba wa, kowanne da mataimaki da makulli na biyu. Jerin masu ba da jini, da rukunin jinin kowa da ranar da ya bayar na ƙarshe, yana hannun 'yan agaji, an kuma kwafe shi gida biyu.

Shafin ƙarshe na littafin masallaci ne ya rage. Layi 6 ne, ba suna, sai harafi ɗaya na ajami a kowane layi, da "tiya 2" ko "tiya 3" a gabansa, da alamar kowane wata, kuma kuɗin ba daga na masallaci suke fita ba. Mai hatsin bakin kasuwa ne ya warware mana, da aka je tambayarsa bashi. Gero ne Baffa ke biya daga fanshonsa, shi kuma ya kai wasu gidaje bayan isha'i. Muka ce ya ba mu sunayen gidajen don mu ci gaba. Ya girgiza kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ku dai ku kawo kuɗɗin. Gidajen ni na san su, kuma ya ce kar in hwaɗi." Ran 28 ga kowane wata ake kai masa kuɗin tiya 15, babban ɗan marigayi na biyan 5, kwamiti na biyan 10.